Abin da Ke Ƙarƙashin Sumar Babanki

Ni ne na zare kilifar aski daga caji. Bari in fara da wannan, Ummi, don idan na bar shi sai ƙarshe zan sami hanyar tsallake shi, kuma kowa a gidanmu zai shaida miki Baffanki Habu gwani ne wajen tsallake abin da bai yi masa daɗi ba. Wuta ta yi kwana uku ba ta leƙo unguwarmu a Karshi ba, sai ranar wata Laraba da la'asar aka kawo ta. Soket ɗaya ne mai rai a ɗakinmu. Babanki ya jona kilifar, ya nuna ni da yatsa ya ce kar in taɓa, ya fita kai wandonsa wurin mai guga. Yana ba da baya na zare ta na jona wayata, wadda fuskarta ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, don in kalli ƙwallon da na riga na san yadda aka tashi. Na ce wa kaina minti biyar zan mayar. Ina cikin minti biyar ɗin nan aka ɗauke wuta. Sai na mayar da kilifar jikin soket na koma gefe na zauna kamar mutumin kirki.

Yanzu shekarata sha bakwai, ke kuma biyu, kuma ba ki ƙware a komai ba sai cizo. Ina rubuta miki wannan ne a littafin lissafina, wanda dama ban taɓa wahalar da shi ba, saboda labarin da ake bayarwa a gidan nan ba haka ya faru ba. Kafin ki yi wayo za ki ji shi daga bakin Inna, kakarki, da maƙwabta, da mai sayar da gawayi. Ina so ki ji nawa.

Sunan babanki Mustafa, amma daga Karshi har Karu Musty ake kiransa. Dogo ne, mai sanyin tafiya, irin mutumin da ko kaza ce ta tare masa hanya sai ya jira ta gama tunani. Shi ya riƙe mu tun rasuwar Babanmu. Yana da suma mai yawa wadda samari ke zaton gayu ne, har wasu suka kwaikwaya. Ba gayu ba ne. A saman kunnensa na dama akwai wani kumburi da Inna ta ce da shi ta haife shi, ɗan jan tabo kamar ƙwayar wake. Yana girma abin yana girma, har ya kai faɗin tafin hannu. In kin taɓa, sai ki ji kamar an dafa taliya an cusa ƙarƙashin fata, ga ɗumi, ga bugawa. In kin ɗora kunne kuwa za ki ji yana cewa fuu, fuu, ba ya hutawa. Ni na sa masa suna Janareta. Duk ranar da aka ɗauke wuta sai in ɗauko wayar fanka in nufi kansa.

"Yaya, taimaka mana da layi ɗaya, zafi zai kashe mu."

"Habu, wallahi in na kama ka sai na ninke ka na sa a aljihu."

Bai taɓa kama ni ba, don bai taɓa bi na da gaske ba. Abin yana sa shi ciwon kai, kuma ba ya iya kwanciya ta gefen dama saboda ƙarar. An taɓa kai shi asibiti yana yaro aka ce a je a yi hoto a cikin gari, sai aka yi ta cewa gobe. Inna tana shafa masa man da aka yi wa tofi, shi kuma yana rufe shi da gashi. Ya daina zuwa shagon aski tun ranar da wani mai aski a Karu ya ajiye almakashi ya kira mutanen shagon kusa su zo su ga ikon Allah. Daga nan aski ya dawo hannuna, ina ɗan shekara sha biyu. Na san kan nan kamar yadda mai keke ya san ramukan hanyarsa. Ko'ina kilifa take bi, amma idan na iso iyakar Janareta sai in ɗauki almakashi in datse sama-sama in bar masa rumfarsa.

A shekarar da nake ba ki labari ya auri mamanki, Anti Rukayya, kuma lokacin da abin ya faru cikinki yana wata bakwai. Ya yi dakon doya a kasuwa, ya yi leburanci, ya sayar da katin waya. Sai wani ya yi masa hanyar aikin gadi a wani rukunin gidajen manya a cikin gari, aiki mai kaki da hula da albashin wata. Ogan masu gadin ya ce ya zo ranar Alhamis ƙarfe goma, kuma ya zo da aski, ba ya son ganin daji a kan yaransa. Abin da ya sa ya jona kilifar ke nan.

Da safe ya zauna a kan turmi a tsakar gida, na yafa masa tsohon zanin Inna. Na gama gefen hagu tas, na hau tsakiya, sai kilifar ta yi tari sau biyu ta mutu a hannuna. Ya ɗauki guntun madubi ya duba. Rabin kansa gona ce da aka share, rabi kuwa dajin da ko mafarauci ba ya shiga. Mamanki ta fito da bokiti, ta gan shi, ta yi dariya har sai da ta dafa bango ta riƙe ciki.

"Ba jiya na sa ta a caji ba?" in ji shi.

"Batirin ne ya tsufa, Yaya. Dama na faɗa maka."

Ban taɓa faɗa masa ba. Ya dubi rana, ya ce to yaya za a yi. Na ce reza da mataji mana. Haka muke yi a makaranta ranar da za a duba kai: a kwantar da reza a kan mataji a riƙe da babban yatsa, a yi ta sharɓa. Ni ne sarkin wannan aiki a ajinmu, har ina cewa zan iya aske ƙuda yana tashi. Na sayo sabuwar reza na kama aiki, kuma gaskiya ya yi kyau. Da na zo iyaka na tsaya kamar kullum.

"Ƙara ragewa kaɗan," ya ce. "Ya yi tudu. Oga zai ce na ɓoye wani abu."

"Ai ka ɓoye."

"Rage, ɗan banza, lokaci yana tafiya."

Akwai ɗan ɓawon ƙurji a ƙarƙashin gashin wanda ban gani ba. Haƙorin mataji ya sarƙe shi, reza ta bi baya. Yankan bai kai tsawon farcenki ba.

Ummi, an san ni da ƙara gishiri a labari, amma a nan ba sai na ƙara ba. Jinin bai zuba ba, harbawa ya yi. Ya tashi ya bugi bangon kicin, ya tsaya, ya sake harbawa, daidai da bugun nan da na saba yi wa dariya. Babanki bai ma ji zafi ba. Ya ce, "Mene ne ya jiƙa ni?" Mamanki ce ta ƙwalla ƙara. Na dunƙule zanin na danna, na ɗaga in ga ko ya tsaya, ya wanke min fuska. Na sake dannawa, na sake ɗagawa. Inna ta baro tukunyar koko ta ɗebo toka a murhu tana salati. Oga Sunday bakanike, wanda garejinsa ke jikin katangarmu, ya shigo da gudu da gorar man birki yana cewa a matsa, wannan ko yatsa ne ya cire yana tsayar da shi. Har ya buɗe murfi.

Sai ga Maman Blessing, maƙwabciyarmu mutuniyar Filato, mai taya nas-nas aiki a wani ƙaramin asibiti. Daga wanki ta taso, kumfa har gwiwar hannu. Ta doke gorar Oga Sunday ta faɗi ƙasa, ta ture hannun Inna.

"Kan mutum ne, ba mota ba! Mama, zubar da wannan toka. Rukayya, kawo tawul, mai tsabta!"

Ta ninke tawul ɗin gida huɗu ta ɗora, ta kama tafin hannuna ta kifa a kai, ta danna da nata har na ji ƙashin kansa. Ta ɗauki yatsun ɗayan hannuna ta kai gaban kunnensa, inda wata jijiya ke tsalle, ta ce in matse nan ma.

"Kai ne ka fara riƙe, kai za ka riƙe har asibiti. In jini ya jiƙa wannan, za mu sa wani a sama. Kar ka cire. Kar ka duba."

"Ta yaya zan san ya tsaya?"

"Ba aikinka ba ne ka sani. Duk lokacin da ka ɗaga, ka ɓata abin da jiki ya fara yi. Danna!"

Ta zare ɗankwalin mamanki ta zagaye kansa da shi, ta ɗaure tamau har da hannuna a ciki. A haka aka saka mu a keke, shi a jingine a ƙirjina, kansa a sama, Maman Blessing a gefe tana riƙe da wuyan hannunsa, Inna a gaba kusa da direba, Oga Sunday yana bin mu a mashin yana yi wa duniya hon. Asibitin gwamnati ba shi da nisa, amma ranar motocin doya sun toshe bakin kasuwa, kuma na rantse a gosulon nan na tsufa da shekara goma. Ina jin abin yana bugun tafin hannuna kamar yana neman ƙofa. Kafaɗata ta mutu, yatsuna suka daina zama nawa. Jikinsa ya yi sanyi, gumi ya karyo masa, ya nemi ruwa Maman Blessing ta hana, ta ce wataƙila a shiga da shi tiyata. Can ya buɗe ido ya dube ni daga ƙasa.

"Habu."

"Na'am, Yaya."

"Ka dai gama askin ko?"

Na yi dariya, majina da hawaye suka fito tare, ba ni da hannun sharewa.

Likitan da ya tare mu ɗan ƙarami ne, har na zaci ɗalibi ne ya ari rigar yayansa. Ya dubi ɗaurin, ya ce wa ya yi wannan, Maman Blessing ta ce ita ce, ya ce ta kyauta. Ya ce kar in motsa hannu sai ya ba ni izini. Don haka na bi gadon ina tafiya a karkace har cikin ɗakin da ba a barin 'yan uwa su shiga. Suka sa masa ruwa a hannu biyu. Aka nemi jini, na Oga Sunday ya dace, ya kwanta ya bayar yana ta ba kowa haƙuri a kan man birki. Likita ya yi allurar kashe zafi a gaban kunnen, ya ɗan tsaga, ya nemo jijiyar da nake matsewa ya ɗaure ta da zare. Nan take na ji bugun ya ragu a hannuna. Sannan ya bi gefen tawul yana ɗinki mai zurfi, yana zagaye wurin kamar mai ɗinke bakin buhu. Da ya ce in ɗaga, hannun ya ƙi. Sai da wata nas ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an naɗe kan da bandeji likita ya same mu a baranda ya tambayi yadda aka yi. Na buɗe baki, Inna ta riga ni.

"Alwala yake yi, ya shafa kai, abin ya fashe da kansa."

Likitan ya ga askin da idonsa, kuma ga ni tsaye da guntayen gashi manne da jini a hannu. Ya dube ni, sannan ya juya ga Inna. Ya ce fatar wurin ta riga ta yi siriri kamar ledar burodi, ko ba yau ba tana hanyar fashewa. Ya zana mana a bayan kati: jijiyar da ke kawo jini da ƙarfi da wadda ke mayar da shi a hankali sun haɗe kai tsaye sun cukurkuɗe, shi ya sa jinin ba ya tsayawa kamar na sauran rauni. Ya ce abin da ya yi kamar ɗaure fasasshen bututu ne da roba. Jijiya ɗaya ya ɗaure, akwai wasu. Dole a je babban asibiti a cikin gari a yi hoton jijiyoyin, a toshe su, sannan a cire abin gaba ɗaya. Kafin nan ba aiki, ba rana, ba abin da zai goga wurin.

Da ya tafi Inna ta ja ni bayan tankin ruwa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Abin da na faɗa shi ne ya faru. Ka ji ni?"

"Inna, ai ni ne..."

"Rufe min baki. Ɗaya yana kwance, ba zan bari a riƙa nuna min ɗayan da baki a unguwa ba."

Mamanki tana tsakar gida lokacin da abin ya faru, ta ga komai, amma har yau ba ta taɓa musa wa Inna ba, kuma ba ta taɓa canza min fuska ba. Wannan ya fi duka ciwo.

A rana ta uku, da la'asar, ina ba shi kunu a ɗakin marasa lafiya, na faɗa masa maganar caji. Na shirya jawabi mai tsawo, amma a layi biyu ya ƙare. Ya haɗiye kunun.

"Na sani. Na dawo na ga wayarka tana haske, wayar da kullum a mace take."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"To wa ya ci ƙwallon?"

"Canjaras aka yi."

"Ka ga asara," ya ce, ya buɗe baki in ƙara masa.

Babban asibiti suka ba mu ranar hoto nan da mako biyar. Kashegari ogan masu gadi ya bugo waya, ya ce ya ji an yi hatsari, zai riƙe masa gurbin zuwa Litinin, in ya wuce haka akwai mutum ashirin a layi. Daga nan gidanmu ya koma gefen gadon nan. Babanki ya ce zai tafi aikin, Inna ta ce in ya tafi ba da yawunta ba. Mamanki ta ce ta yarda ta sha gari har ta haihu. Maman Blessing ta yi masa faɗa da Hausa, ta koma Turanci, ta ƙare da yarensu. Likita ya zauna a bakin gadon ya sake zana masa bututun nan. Babanki ya saurari kowa har ƙarshe, kamar yadda ya saba.

"Tsayuwa ce kawai a geti," ya ce. "Buɗe, rufe. Mako biyar ina kwance a nan ina kallon silin, in tashi ba aiki, ga haihuwa, ga tiyatar ma ba kyauta za a yi ba. In je in riƙe wurin, ranar hoto in nemi izini."

Ya sa hannu a takardar cewa shi ya sallami kansa. Ranar Litinin ya sa kaki, ya ja hular gadi ta rufe bandejin ruf. Ya yi kyau, Ummi. Mamanki tana kuka tana gyara masa kwala. Ya gaya wa oga daga mashin ya faɗo, ɗinki ne ɗan kaɗan. Na raka shi bakin titi, na ce bari in bi shi in koya wa abokan aikinsa yadda ake dannawa, tunda yanzu ni ma rabin likita ne.

"Don a kore ni tun ranar farko? Wuce makaranta, Dokta Habu."

Na sara masa irin ta soja, ya yi dariya, motar ta tashi. Da wasa na faɗa, da wasa ya amsa, na bar maganar a nan. In kin tambaye ni abin da ya fi hana ni sukuni, ba rezar ba ce. Wannan ce. Na san hanyar wurin. Abin da ya rage min a lokacin kuɗin mota ne kawai.

Sauran a bakin abokin aikinsa na ji, wani bawan Allah mutumin Yangoji da ya zo ta'aziyya ya kasa cin abinci. Ya ce da azahar ne, rana tana dukan geti, babanki ya ce hular tana matsa masa, ya ɗan ɗaga ta. Sai suka ga jini ya biyo wuyansa. Suka kwantar da shi, suka warware bandejin don su ga wurin, suka kwara ruwa su wanke. Suna toshewa da riga suna ɗagawa su duba. Ya ce babanki yana ta kama hannunsa yana kaiwa kansa, yana cewa a danna, kar a cire, amma su a zatonsu zafi ne ya sa yake sambatu. Ba wanda ya gaya musu abin da ke wurin. Wata mata mai gida a rukunin ta fito da motarta aka saka shi.

Ya rasu a kujerar baya kafin su kai asibiti, kwanansa huɗu da fara aiki. Mun binne shi a Karshi kafin magariba. Bayan wata biyu aka haife ki.